Kurakuran da na gaji da gani a wajen masu koyon jitar lantarki

Ranar Talata da la'asar wani yaro daga Gwallameji ya shigo ɗakin da nake koyarwa rungume da amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa jita murya, tana warin ƙonanniyar roba. Kafin ya buɗe baki na juya bayanta, ga rubutu nan ɓaro-ɓaro, 120V. Ya ce, "Malam, wallahi jonawa kawai na yi." Shi ne na uku da ya kawo mini irin wannan a bana. Na haura shekara 20 ina cin abinci da jita a garin Bauchi, daga dinar biki zuwa situdiyo, ina kuma koyar da yara kiɗan rok, kuma kurakuran nan ba sa canzawa. Fuskokin masu yin su ne kawai ke canzawa. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Da wuta zan fara, domin ita ta fi ƙona ni. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuma 120. Yawancin amfilifayar gwanjo masu kyau da ake kawowa daga can suke, kuma an ƙera su ne don wutar can. Ka jona ta kai tsaye a soket ɗinmu, ka ɗura mata kusan ninki biyu na abin da za ta iya ɗauka. In ka yi sa'a fiyus ne zai tsinke. In ba ka yi ba, taransifomar cikinta ta tafi.

Ni ban yi sa'a ba. Amfilifayata ta farko mai kwalabe ce, wato irin wadda ke aiki da ƙananan bututun gilashi a cikinta, na fi shekara ina tara kuɗinta kafin na je Jos na ɗauko. Wata uku kacal na more ta. Aka kira mu wani biki a Yelwa, muka makara, na baro ƙaramar taransifomar da ke rage wuta a gida. Ana ta kiran mu fara, amarya ta shigo, sai na ce a raina ai minti kaɗan ba zai yi komai ba, na karɓi adafta a hannun mai janareta na cusa. Ko tsirkiya ban taɓa ba hayaƙi ya tashi. Mai gyara ya dube ta washegari ya ce, "Ɗana, wannan sai dai a sake naɗa mata waya, kuma muryarta ta da ba za ta dawo ba." Haka kuwa aka yi. Na yi kuka a ranar, kuma har yau in na ji warin nan sai gabana ya faɗi.

Tun daga lokacin ga ɗabi'ata. Taransifomar rage wuta a ɗaure take da jikin amfilifaya da igiya, ba sa rabuwa ko a mota. Na manna farar takarda a kan fulogin na rubuta 120 da jan biro. Ba na barin kowa ya jona mini kaya, ko da ɗan uwana ne. Idan wutar janareta ce, sai ya yi ɗan lokaci yana aiki muryarsa ta daidaita sannan in kunna, kuma in kashe kayana kafin a kashe shi. Wasu abokan sana'a suna cewa na cika tsoro, sitabilaiza ta isa. Su yi yadda suka ga dama, ni na riga na biya kuɗin karatun. Mai amfilifayar kwalabe kuma kada ya kuskura ya kunna ta ba tare da an haɗa sifika ba, wannan ma yana kashe taransifoma.

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma a nan ba zan yi muku magana mai laushi ba. Ku daina karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket! Wannan ƙafar ita ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa. In babu ita, jikinka ne hanya: hannu a kan tsirkiyar ƙarfe, leɓe a kan makirfo, ƙafa a kan damshin ƙasa. A 1972 Leslie Harvey, makaɗin jita ɗan Sikotilan, ya taɓa makirfo a kan dandamali a Swansea wuta ta kashe shi a gaban jama'a. A 1976 wuta ta kashe Keith Relf, mawaƙin rok ɗan Ingila, a gidansa yana riƙe da jita. Waɗannan a ƙasar da aka san ƙa'idar waya ke nan, balle mu da ake jan waya a tsirara daga janareta a tsallaka da ita tsakar gida da damina. Kana jin makirfo yana ɗan cizon leɓenka, ajiye jita, a gyara, ko da uban ango ne ke ɗaga maka murya. Kuma kada ka kaɗa ba takalmi.

Ƙananan kurakuran ba za su ci mini lokaci ba. Ka goge tsirkiya da tsumma duk in ka gama, zufa ce ke sa ta tsatsa. Kada ka bar jita a but ɗin mota a zafin Maris da Afrilu. Da hunturu katako yana bushewa, wuyan jita ya motsa, bakin ƙarafunan da ke kansa su fito suna kartar hannu. In za ka juya sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, kwatan zagaye ya isa, ka bari ta kwana ka sake dubawa, in ta ƙi juyawa kada ka yi mata ƙarfi. Sabon ɗalibi ya fara da siririyar tsirkiya mai lamba 9, ya bar masu kauri sai yatsunsa sun yi kanta. Ka saita jita kafin kowace waƙa, ba sau ɗaya da safe ba.

Sai maganar gurnani, wato kaushin murya da ake sa wa jita da gangan. Kowane yaro ya zo yana so in koya masa gudu da yatsa, ya take feda, wato 'yar na'urar da ke sauya muryar jita, ya ƙure ƙara har ba a jin abin da yake kaɗawa. Gurnanin nan mayafi ne, kuskure yake rufewa. A wajena wata ukun farko babu feda, murya tsantsa, da agogon bugu a waya yana ƙirga maka a hankali, a fara daga bugu 60 a minti. Da yawa suna gudu a nan, su ce Malam ya tsufa. Waɗanda suka jure su ne yau ake kira situdiyo. Ga kuma kunne, wanda ba a sayar da sabonsa a kasuwar Wunti. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, na awa 8, kuma amfilifayar da aka ƙure a ƙaramin ɗaki ta wuce haka nesa. Pete Townshend, shahararren makaɗin jitar rok ɗan Ingila, ya daɗe yana faɗin yadda ƙara ta lalata masa ji. Ni kunnena na hagu yana ƙugi dare da rana. Ku sayi abin toshe kunne, kuɗinsa bai kai na tsirkiya ba.

Wani abin da ke ɓata mini rai shi ne raina kiɗan gida. Yaro ya iya waƙa biyu ta Turawa sai ya ce shi ɗan rok ne, ba zai kaɗa a biki ba. To a Bauchi wa zai biya ka don rok zalla? Abincinka yana wajen dina, da majami'u, da masu waƙoƙin Hausa da ke neman a sa musu jita a situdiyo. Kuma jerin sautuka biyar da aka gina yawancin salon rok a kansu, kunnenka ya saba da danginsu tun kana goye, a goge da garaya. Marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ya riƙe ƙasar nan. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau yana zagaya Turai da Amurka da kiɗan Buzaye. Kai kuma kana jin kunyar abin da kakarka ke rerawa.

Kuskure na biyu da ya yi mini tsada shi ne tafiya aiki ba kafin alƙalami. Wani mutum mai kamala ya kira ni biki a Gombe. Muka yi magana a waya, ya ce, "Haba ƙanena, kuɗi ba matsala ba ne, ku dai zo." Kunya ta hana ni yanke farashi. Na ɗauki mai ganga da mai fiyano da mai jitar bes, na yi shatar mota da kuɗina, muka bi ta Alkaleri da kaya niƙi-niƙi. Muka yi kiɗa har ƙarfe 1 na dare. Da aka tashi sai aka ce Alhaji ya gaji ya shiga, a yi haƙuri za a turo. Har yau ana turowa. Yaran da na ɗauka suna da iyali, ba zan ce musu su yi haƙuri ba, sai da na sayar da fedata biyu na sallame su. Abin da ya fi ciwo, ɗaya daga cikinsu ya daɗe yana zargin na karɓa na ɓoye, zumuncin shekaru ya yi rauni saboda kunyar minti biyu.

Yanzu ba na ɗaga jaka sai rabin kuɗi ya shigo, an kuma rubuta mini a saƙon waya nawa ne, awa nawa ne, wa zai kawo janareta, wa zai biya mota. Ragowar kuma kafin mu hau, ba bayan an watse ba. Ina nuna wa abokan aikina saƙon su gani da idonsu. An ce mini wannan rashin ta-ido ne, na kuma rasa wasu ayyuka saboda shi. Na yarda.

Haka nake yi da koyarwa: kuɗin wata a farkon wata, domin wanda bai biya ba shi ke fara fashi. In ɗalibi yaro ne sai na ga mahaifinsa ido da ido, don na taɓa koyar da wani a ɓoye, ranar da aka gane a gida aka fasa jitarsa, ni kuma aka kira ni mai lalata tarbiyya. Masu wata shida da fara koyo da ke buɗe aji suna karɓar kuɗin mutane, ku ji tsoron Allah. Riƙon da kuka koya wa yaro a karkace, shekara nake yi ina warware shi.

Amfilifayar yaron Gwallameji tana wajen mai gyara. Fiyus da wasu ƙananan kaya ne suka ƙone, taransifomar ta tsira. Na gaya masa ba zai karɓe ta ba sai ya zo da mai rage wuta a hannunsa, da igiyar da za mu ɗaure su tare.