Yadda za ki tsara wa ƙaramin yaro kallon waya

Da farko ki duba shekarunsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba kallo. Daga 2 zuwa 4 kuwa, kada ya wuce awa 1 a yini.

Sai zaɓen na'ura. A ganina ƙaramar rediyo mai memori ta fi waya nesa ba kusa ba: kunnensa na jin karatun Alƙur'ani ko tatsuniya, hannunsa na wasan ƙasa a tsakar gida. Ga riƙe caji, 'yar sola ma ta ishe ta.

In kuwa wayar ce, ki kashe data. Ranar kasuwa, in maigida zai biya wajen masu turi, wato masu tura bidiyo a waya, a faɗa musu ainihin abin da ake so, ki kuma kalla ke kaɗai tukuna.

Ki zauna kusa da shi a tabarma, kina nunawa kina tambaya: "Wannan akuya ce ko tunkiya?"

Ki tsayar da lokaci guda, kamar bayan la'asar. Ban da lokacin cin tuwo da kwanciya. In ya yi kuka da kika karɓe, ki goya shi ko ki haɗa shi da yayyensa.