Ga mai koyon wasa aska: kar ka zuba kuɗi a banza

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina da ya fara koyon wanzanci nan Garwa ya shiga kasuwa ya sayo dutsen nan mai fuska biyu na wasa wuƙar mahauta. Kwana biyu bakin askarsa ya koma kamar zarto. Wannan dutse ya yi wa aska kaushi da yawa.

Ku duba lambar da ke jikin dutse, yawanta shi ne laushinsa. Lamba 1000 ke fitar da baki, 6000 ko 8000 ke gyara kaifi. In aljihu ba nauyi, dutse ɗaya mai fuska biyu, 1000 da 6000, irin samfurin King na Japan ya ishe ka, sai fata ta gogewa. Na 12000 ka bari sai hannu ya faɗa, ni ban ga gaggawarsa ba.

Jiƙa dutsen cikin ruwa har kumfa ta daina fita. Kwantar da askar gaba ɗaya, baki da ƙeya su taɓa dutse tare, kuma kar ka danna. In tsakiyar dutsen ta yi rami, shimfiɗa sanfefa a kan gilashi ka goge dutsen a kai ya daidaita.