Yadda na gyara wa dokin da linzami ya yanka wa baki

Dokin karo ne, wato mai jan amalanke, a garin Maiwurno na Sudan, linzamin ƙarfe ya yanka masa gefen baki. Na cire ƙarfen, na koma ragamar fata wadda ake ɗaura kamazuru a zobbanta biyu na gefen hanci.

Da farko abin bai yi ba. Madaurin hanci ya sauko kan guringuntsi yana danne masa numfashi, sai kaɗa kai yake ta yi. Gyaran shi ne a ɗaga madaurin ya zauna kan ƙashi, yatsu biyu ƙasa da ƙashin kunci. A ƙarƙashin haɓa kuma a matse daidai shigar yatsu biyu. In ya yi sako-sako ragamar za ta juya, igiyar kunci ta hau ido.

Fata mai faɗi za a nema, domin siririyar igiyar leda tana cin fatar dokin idan ya yi gumi. Ragama mai dogayen hannuwan ƙarfe kuwa ban yarda a ba yaro ita ba, ja kaɗan take ninkawa.

Ciwon kuwa, a wanke da ruwan gishiri safe da yamma. Kafin ya hau titi, sai da ya yi kwana uku cikin shinge: a ja kamazuru a hankali, a saki da zarar ya bi.