Darasi na Bakwai: Ina Katina Ya Tafi?

Wani dillalin hatsi a Tudun Hatsi, cikin garin Gombe, ya sa katin naira 200 da safe, ya kira abokin cinikinsa na Kumo, suka yi minti biyar. An ce masa minti ɗaya naira 12 ne, don haka ya sa ran za a cire naira 60. Da ya duba, 72 aka cire. Ya ce an cuce shi. To, bari mu bi lissafin tare.

Kamfanonin waya a Nijeriya suna caji ne da daƙiƙa, da kwabo, kuma kwabo 100 shi ne naira ɗaya. A wasu tsare-tsaren, mintin farko na yini yana da tsada, sauran kuma da sauƙi. Farashin da ke nan misali ne kawai, domin farashi yana canjawa: ko a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari.

A ce mintin farko kwabo 40 ne kowace daƙiƙa. 40 sau 60 ya ba da kwabo 2,400, wato naira 24. Daga nan sai kwabo 20, wato naira 12 a minti. Ga ƙa'idar kiran farko na yini:

Idan kiran bai wuce minti ɗaya ba: kwabo 40 sau yawan daƙiƙa.
Idan ya wuce: naira 24, a tara da 12 sau mintocin da suka rage.

Dillalinmu ya yi minti biyar. A ware na farko, saura huɗu. 4 sau 12, 48. A tara da 24, ya zama 72. Ashe ba wanda ya taɓa masa kwabo.

Yanzu ɗauki takarda. Ja layi a kwance, ka jera mintoci 1 zuwa 6. Ja wani a tsaye, ka jera kuɗi. Ɗiga alama a 24, 36, 48, 60, 72, 84, ka haɗa su tun daga sifiri. Za ka ga miƙaƙƙun layuka biyu da suka haɗu a gwiwa: na farko ya miƙe kamar hawan dutse, na biyu ya ɗan kwanta. Gwiwar nan ita ce inda farashi ya sauya, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Da wani tsarin zai ce naira 15 kowane minti, ba hawa ba sauka, wanne ya fi? A minti huɗu a yini duka biyun naira 60 ne. Mai gajeriyar magana, "Kaya sun iso? To, madalla," na 15 ya fi masa, idan duk kiransa na yini bai kai minti huɗu ba. Mai doguwar gaisuwa, har a tambayi gida da yara da gona, gara ya zauna a na farko.

Aikin gida: wata mai ƙosai ta yi kiran minti uku da safe, ta sake yin na minti uku da yamma, a tsarin farko. Nawa aka cire mata gaba ɗaya? Ka tuna mintin tsada sau ɗaya ake biyansa a yini.