Yadda Ake Zaɓen Kujerar Bizines a Jirgin Sama Nesa da Ƙananan Yara

Wanda ya biya kuɗin tikitin ajin 'yan kasuwa, wato bizines kamar yadda matafiya suka fi kiransa, yawanci barci ya saya, domin yana son ya miƙe ƙafa ya runtsa tsakanin Doha da Landan ko tsakanin Adis Ababa da Gwanzu, ya sauka da safe ya wuce wurin aiki ko kasuwa ba tare da ya yi kwanan zaune ba. Ɗa na kowa ne, kuma iyayen da suka biya kuɗi iri ɗaya suna da haƙƙin zama a wannan sashe tare da 'ya'yansu, don haka babu laifin da za a ɗora wa jaririn da ya yi kuka. Abin da ke hannun matafiyi shi ne ya san inda kamfanonin jirage suke ajiye masu goyo, ya zaɓi kujerar da ta fi nisa da wurin tun kafin ranar tafiya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rububin layin farko, bisa zaton cewa gaba ta fi shiru da daraja. A manyan jiragen da ke dogon zango, ɗan gadon jariri ana maƙala shi ne a jikin bangon da ke raba sashe da sashe, ko a ɗora shi a kan wani kanta da ke gaban kujerun layin farko, saboda babu wani wuri a cikin jirgin da zai iya ɗaukarsa. Yaron da bai cika shekara 2 ba yana tafiya ne a cinyar uwarsa ko ubansa idan ba a saya masa kujera ba, kuma iyaye da yawa suna neman wannan gado tun lokacin da suke yankar tikiti. Ke nan duk layin da ke fuskantar bango, da layin da ke bayansa, su ne wuraren da aka fi sa ran samun jariri. Akwai kuma wata illa ta daban: kamfanoni da dama sun tanadi ikon ɗaga fasinja daga kujerar gadon jariri idan mai goyo ta zo, ko da ya riga ya zaɓe ta da daɗewa, sai ya tsinci kansa a duk inda ya rage.

Layin ƙarshe na bizines ma tarko ne, kuma shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba. A jirage da yawa, abin da ke tsakaninsa da layin farko na ikonomi, wato ajin da ya fi araha, bai wuce siririn bango da labule ba, kuma a bayan wannan bangon ne ake jera gadajen jarirai na ikonomi, inda masu goyo suka fi yawa nesa ba kusa ba. Mutum yana iya kwanciya a kujerar da ta kai miliyoyin naira, alhali tazarar da ke tsakanin kansa da jarirai biyu ko uku ba ta kai tsawon tabarma ba. Saboda haka ƙa'idar da ta fi amfani ita ce ka ƙirga layuka daga bangon gaba da na baya, ka nemi tsakiyar sashen, ka bar aƙalla layi biyu ko uku tsakaninka da kowane bango idan girman sashen ya ba da dama.

Bayan layi sai gefe. A jiragen da aka tsara kujerun bizines ɗaya a taga, biyu a tsakiya, ɗaya a ɗaya tagar, iyali masu yara kusan kullum kujerun tsakiya suke ɗauka, domin uwa ba za ta bar ɗan shekara huɗu shi kaɗai a bakin taga ba, tana can tsallaken hanya. Kujerar taga mai zaman kanta ita ce zaɓin mai neman barci, musamman irin wadda aka manna ta da jikin jirgi, teburinta yana tsakaninta da hanyar wucewa. A tsarin Qsuite da Qatar Airways ta fito da shi a 2017, ana iya buɗe kujeru huɗu na tsakiya su zama kamar ɗaki guda, kuma iyalai suna son wannan tsari ƙwarai, don haka matafiyi shi kaɗai ya fi dacewa ya nufi taga. Ƙofar da ke jikin irin waɗannan kujeru tana kare ido, amma ba ta kai rufin jirgi ba, kuma sauti yana bi ta samanta kamar babu ita. Inda tsarin ya kasance biyu-biyu-biyu, kamar a wasu jiragen Boeing 787 da ke zuwa Afirka ta Yamma, gefe ba ya ba da wata kariya, sai dai a dogara ga nisa da bango.

Yawancin jiragen Boeing 777 da wasu Airbus A350 suna raba bizines gida biyu, ƙaramin sashe mai layi biyu ko uku, da babba, kicin yana tsakaninsu. Matafiya da yawa suna yabon ƙaramin saboda ƙarancin zirga-zirga, kuma gaskiya ne idan babu jariri a ciki ya fi ko'ina daɗi. Sai dai ƙaramin sashe yana da nasa bangon, sau da yawa da nasa gadon jariri, kuma idan aka yi rashin sa'a babu kujerar da za ta yi nisa da kukan. A ganina, wanda ba ya son caca gara ya zauna a tsakiyar babban sashe. A mafi yawan jiragen A380 na Emirates kuwa bizines yana hawa na sama ne, ikonomi yana ƙasa, wanda hakan ya kawar da matsalar bangon baya, amma a ƙarshen sashen akwai wurin zaman hira da shan abin sha, inda surutun manya kan kai tsakar dare.

Duk wannan lissafi ba zai yiwu ba sai ka san irin jirgin da za ka hau. Ka duba tikitinka ko manhajar kamfanin ka ga samfurin jirgin, sannan ka buɗe taswirar kujeru, inda kamfanoni da yawa suke sanya 'yar alamar gadon jariri a kan kujerun da suke da shi. Japan Airlines ta wuce nan, domin a 2019 aka yi ta magana a kan alamar da take nunawa a taswira a daidai kujerar da aka zaɓa wa yaro mai kwana 8 zuwa shekara 2, ko da yake alamar ba ta fitowa idan an yanki tikitin ta wasu hanyoyi ko an canza jirgi. Akwai kuma kamfanonin da suka ware wurin da yara ba sa shiga, kamar Scoot ta Singafo da ta keɓe sashe ga 'yan shekara 12 zuwa sama, da Corendon da ta buɗe sashen 'yan shekara 16 zuwa sama a hanyar Amsterdam zuwa tsibirin Kurasawo a 2023, amma waɗannan ba sassan bizines ba ne, kuma ba su ne hanyoyin da matafiyan Kano ko Yamai suka saba bi ba.

Idan ejan ne ya yankar maka tikiti, kada ka bar masa zaɓen kujera ba tare da bayani ba. Ka faɗa masa lambar layin da kake so, ko ka karɓi lambar rajistar tikitin mai haruffa shida ka zaɓa da kanka. Sa'annan ka sake dubawa lokacin da aka buɗe tantance fasinjoji ta intanet, wanda a kamfanoni da yawa awa 24 ne kafin tashi, a Emirates da Qatar Airways kuma awa 48, domin a lokacin ne ake sakin kujerun da aka riƙe, kuma a lokacin ne za ka gane ko an sauya jirgin da wani mai tsari daban, abin da kan watsa duk zaɓin da aka yi a baya. A filin jirgi ma, ma'aikacin da ke ba da katin shiga yana ganin alamar INF a gaban sunan duk wanda ke ɗauke da jariri, da CHD ga yara 'yan shekara 2 zuwa 11. Ba lallai ya gaya maka wanda ke zaune a ina ba, amma idan ka roƙe shi cikin ladabi ya duba ko akwai goyo kusa da kujerarka, sau da yawa yakan matsar da kai idan da sarari.

Lokacin tafiya yana da nasa tasirin. Hutun makarantu na Yuli da Agusta, ƙarshen Disamba, da kwanakin Umara a watan azumi a hanyoyin Jidda da Madina, lokuta ne da iyalai suke cika jirgi har bizines, yayin da jirgin tsakiyar mako a lokacin karatu ya fi ɗaukar ma'aikata da 'yan kasuwa.

Ko da ka yi duk wannan, ka tanadi abin toshe kunne na soso a aljihu. Na'urar kunne mai rage ƙara da ake rabawa a bizines ta ƙware ne wajen danne rugugin inji, amma siririn sauti irin na kukan jariri yana ratsa ta, sai an haɗa ta da soson a ciki kafin a sami sauƙi sosai. Jarirai sun fi kuka lokacin da jirgi ya fara sauka, kimanin rabin awa kafin ya taɓa ƙasa, saboda canjin matsin iska yana danne musu kunne kuma ba su iya hamma ko haɗiyar yawu da gangan don su buɗe shi ba, amma a wannan lokacin an riga an tashi kowa an miƙar da kujeru. Idan kuwa ka shiga jirgi ka tarar da goyo a gefenka, ka jira a rufe ƙofa, sannan ka je wurin shugaban ma'aikatan sashen ka tambaye shi a hankali, ba a kunnen iyayen ba, ko akwai kujerar da ta rage babu kowa, domin sai an rufe ƙofa ne yake tabbatar da waɗanda ba su zo ba.