In fim ɗin ban tsoro na firgita ku

Jama'a, masu son kallon fim ɗin ban tsoro amma zuciya ba ta ɗauka, ku riƙa kula da sauti. Rabin firgitar a kunne take. Da zarar kiɗa ya ɗauke, wuri ya yi tsit sai takun sawu da kukan ƙofa, ku rage murya, abin na tafe. Sau da yawa ma sai an yaudare ku tukuna: kyanwa ta yi tsalle daga kabad, kuna sauke ajiyar zuciya, sai ga dodon a bayan mutum. Madubi kuwa, ni sam ban yarda da shi ba. In jaruma ta sunkuya wanke fuska, ku kau da kai tun kafin ta ɗago.