Yadda za ka tsira in rikicin siyasa ya ritsa da kai a ƙasar waje

Abin da ya fi wahalar da baƙo in ƙasa ta rikice shi ne maƙalewa, wato a rufe filin jirgi, a katse intanet, katin ATM ya daina aiki, kai kuma ga ka a ɗakin otal ba ka jin yaren mutanen. Duk shirin da za ka yi, ka yi shi ne don kada hanyar fita ta toshe maka.

Tun kafin ka sayi tikiti ka duba ko ƙasar na da zaɓe nan kusa, ko za a yanke wa wani babban ɗan siyasa hukunci, ko an ƙara kuɗin mai da haraji, don sau da yawa tarzoma daga nan take tashi. A Kenya bayan zaɓen Disamba 2007 sama da mutum 1,000 aka kashe, a Yuni 2024 kuma ƙudirin dokar haraji ne ya sa matasa suka kutsa cikin majalisa a Nairobi. Sannan ka leƙa shafin gargaɗin tafiye-tafiye na Amurka da na Birtaniya, kyauta ne kowa zai iya karantawa, na Amurka mataki huɗu ne, na huɗun yana nufin kada ka je sam. Gaskiya wani lokacin akwai siyasa a cikin gargaɗin nasu, amma suna faɗin unguwanni da garuruwan da ake rikici, wannan bayanin kuwa yana da amfani.

In za ka yi inshorar tafiya ka karanta ƙananan rubutun nan da kowa ke tsallakewa, da yawansu ba sa biyan asarar da yaƙi ko tarzoma ta jawo. Tikiti kuma ka daure ka sayi wanda ake iya canza masa rana ko da ya ɗan fi tsada.

Wurin sauka fa? Ka nisanci otal ɗin da ke maƙwabtaka da fadar shugaban ƙasa, majalisa, gidan talabijin na gwamnati, barikin soja ko babban dandalin gari, irin dandalin Tahrir na Alƙahira, don nan ne ake taruwa, nan ne kuma masu juyin mulki ke fara kamawa.

Yanzu maganar kuɗi da waya, wadda ita ce mutane suka fi sakaci da ita. Gwamnatoci na katse intanet da zarar abu ya yi zafi, Masar ta yi a ƙarshen Janairu 2011 har kusan kwana biyar, Bangladesh ma ta yi a Yuli 2024 ta haɗa da dokar hana fita, to in duk kuɗinka na cikin manhajar banki ne kuma taswirarka sai da data take buɗewa ka ga an gama da kai kenan. Ka riƙe tsabar kuɗi, dala ko yuro ƙananan takardu da kuma kuɗin ƙasar, ka raba su gida biyu ko uku kada ka zuba a aljihu ɗaya. Ka sauke taswirar garin a waya yadda za ta buɗe ba netwok, ka rubuta lambar ofishin jakadancin ƙasarku da ta wani ɗan'uwa a takarda da biro, ka yi fotokwafin fasfo da biza, fawa bank kullum a cike. Fasfo ɗinka kuma kada ya kwana a hannun kowa in ba dole ba, a Khartoum, babban birnin Sudan, a 2023 mutane da yawa yaƙi ya same su fasfo ɗinsu na ofisoshin jakadanci wajen neman biza, aka rufe ofisoshin aka tafi aka bar su.

In abin ya fara kana waje, juya ka bi wata hanya, kada ka tsaya kallo. Dan Allah kada ka ɗaga waya kana ɗaukar bidiyo don ka saka a Facebook ko TikTok, jami'an tsaro na iya ɗaukarka ɗan leƙen asiri, masu zanga-zangar ma na iya zaton ɗan rahoton gwamnati ne kai. Kada ka sa kaya mai launin wata jam'iyya, kada ka tsoma baki a gardamar siyasarsu ko da direban tasi ne ya ja ka da hira. A shingen bincike ka sauke gilashi, hannunka a fili, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai. In an sa dokar hana fita ka bi ta, ka tanadi ruwa da abinci da maganinka na kwanaki, ka nisanci taga in ana harbi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ka fita da wuri, da sanyin safiya ake kama fara. Ranar 15 ga Afrilu 2023 da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, wata rundunar mayaƙa ta daban a ƙasar, a ranar filin jirgin Khartoum ya daina aiki, ɗalibai da sauran baƙi sai da suka yi doguwar tafiya a bas zuwa iyakar Masar ko Port Sudan, kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa. Ukraine ma ranar 24 ga Fabrairu 2022 aka rufe sararin samaniyarta, alhali an yi makonni ana gargaɗi. Ba sai yaƙi ba ma, a Nuwamba 2008 masu zanga-zanga sun mamaye filin jirgin Bangkok, babban birnin Thailand, kusan mako guda, dubban ɗaruruwan matafiya suka maƙale. Don haka in ka ga ofisoshin jakadanci sun fara kwashe iyalan ma'aikatansu, ko kamfanonin jirgi na soke tashi, kada ka tsaya lissafin kuɗin otal da ka riga ka biya ko jiran gwamnatinku ta turo jirgi, tana iya turowa amma sai an jima. Ka hau duk jirgin da ya samu ko da zuwa ƙasar maƙwabta ne, in dai za su bar ka ka shiga da fasfo ɗinka, daga can sai ka nemi hanyar gida.